Ciwon karkarwa da yawan barcin rana

 A shafinmu na kiwon lafiya na wannan karo za mu yi bayani a kan wani barci da ya sha bamban da wanda muka saba.

Kowa ya san barcin rana. In manomi ya yi sammako ya tafi gona, ya yi ta noma har rana ta take, ba laifi ya kishingiɗa gindin itace ya ɗan runtsa. In ya farka sai ya ji ƙarfinsa ya komo. Wannan hutu ne. Amma akwai barcin da yake kama mutum ba tare da ya yi aikin kome ba. Ya kwana, ya tashi, hantsi bai ɗaga ba sai ga shi yana gyangyaɗi. Ana yawan ganin irin wannan barci ga mutanen da likita bai daɗe da gano suna da ciwon karkarwa ba, wato ciwon da ake kira Parkinson.

Mu ɗauki misali. A ce ga wani magidanci mai shekara 60, manomi. Bara hannunsa na dama ya fara karkarwa, tafiyarsa ta yi nauyi. Ƴaƴansa suka sayar da buhu biyu na wake, suka kai shi birni. Likita ya duba shi, ya faɗi sunan ciwon, ya rubuta magani. Karkarwa ta ragu, kowa ya yi murna. To, amma tun da ya komo gida barci ya sa shi gaba. Ana hira yana barci. Ana cin tuwo yana gyangyaɗi da loma a hannu. Uwargida tana cewa lalaci ya shige shi. Ƙanensa yana cewa sammu aka yi masa. Ɗansa yana cewa ai tsufa ne kawai. Ga shi kuma ran kasuwa shi ne yake kora amalanke a bakin babbar hanya, inda manyan motoci suke wucewa.

Dukansu uku ba su gano gaskiyar al'amarin ba. Barcin nan yana da dalili, ana iya auna shi, kuma sau da yawa ana iya rage shi. Abin da muke so mu fahimta ke nan.

Mene ne ciwon Parkinson?

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Wani likitan birnin Landan na ƙasar Ingila, mai suna James Parkinson, shi ya fara rubuta cikakken bayaninsa a shekara ta 1817, bayan ya lura da mutum 6 masu fama da shi. Shi ya sa aka ba ciwon sunansa.

Can cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi da suke yin wani sinadari mai suna dofamin. Wannan sinadari kamar ɗan aike yake. Shi yake taimakawa saƙon motsi ya isa ga hannu da ƙafa cikin sauƙi. A ciwon Parkinson ƙwayoyin nan suna mutuwa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. In dofamin ya yi ƙaranci sai saƙo ya riƙa makara.

Manyan alamunsa su ne: karkarwar hannu lokacin da mutum yake zaune bai yin kome, wadda takan fara daga gefe ɗaya, nauyin jiki da jinkiri wajen kowane motsi, ƙagewar gaɓoɓi, tafiya da gajeren taku ana jan ƙafa, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. Akwai kuma alamun da ba a gani da ido: rashin jin ƙanshi ko wari, bushewar ciki, baƙin ciki marar dalili, da rikicewar barci.

Ciwon ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci ƙwarya ɗaya, ko ta musafaha, ko ta kwana ɗaki ɗaya. Ya fi kama masu shekara 60 zuwa sama, ko da yake yakan zo kafin haka. Ya fi yawa ga maza, amma mata ma suna yin sa. Gado yana da hannu ga wasu ƴan kaɗan. Yawan cuɗanya da wasu magungunan feshi na gona shekaru da yawa shi ma yana ƙara hatsarinsa. A ƙasar Faransa, tun shekara ta 2012 hukuma ta sa shi cikin cututtukan da aikin gona yake jawo wa masu feshi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekara ta 2019 sama da mutum miliyan 8 da rabi ne suke da wannan ciwo a duniya. A ƙasarmu ma akwai shi. A shekara ta 2018 likitocin babban asibitin ƙasa na Yamai sun ba da rahoto cewa cikin mutum 1695 da suka zo wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, 25 suna da ciwon Parkinson, kuma in aka daidaita shekarunsu, alamu sun fara musu wajen shekara 58. Waɗanda suke da alamu masu kama da nasa, amma daga wani dalili dabam, sun fi su yawa. Ke nan ba kowace karkarwa ba ce ciwon Parkinson. Likita ne yake rarrabewa.

Maganin da ake da shi ba ya tumɓuke ciwon, amma yana rage alamunsa ƙwarai, mutum ya ci gaba da hidimarsa. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali an gano yana da shi a 1984, yana da shekara 42. A 1996 shi ya kunna wutar buɗe wasannin Olamfik a birnin Atlanta, hannunsa yana karkarwa, duniya tana kallo. Bai rasu ba sai a 2016, bayan shekara 32.

Wane irin barci muke nufi?

Ya kamata mu rarrabe abu huɗu.

Na farko, gajiya. Mai gajiya yana jin ba ƙarfi a jikinsa, amma in ya zauna idonsa biyu.

Na biyu, ƙailula. Wannan mutum ne da kansa yake zaɓar ya kwanta bayan azahar, ya farka da kuzari.

Na uku, ciwon barci da ƙudan tsando yake kawowa a ƙasashen kurmi. Wannan wata cuta ce dabam, ta ƙwayar cuta cikin jini, ba ta da dangantaka da ciwon Parkinson.

Na huɗu shi ne namu: barcin da yake rinjayar mutum da rana, a lokacin da bai so ba, a wurin da bai dace ba, kusan kullum, har wata da watanni. Ga wasu a hankali yake zuwa: ido ya yi nauyi, hamma ta yi yawa, kai ya fara rangaji. Ga wasu kuwa farat ɗaya yake zuwa, ba sallama. Mutum yana cikin magana ko yana riƙe da linzami, sai kawai ya tafi. In ya farka ma wani lokaci bai san ya yi barci ba. Wannan na biyun ya fi hatsari.

Mutum nawa yake samu?

A ƙasar Norwe, can arewacin Turai, likitoci sun bi diddigin mutum 153 tun daga ranar da aka gano ciwonsu, kafin su fara shan kowane magani. Sun ba da sakamakon a shekara ta 2015. Tun a farko, kusan mutum 12 cikin 100 suna da yawan barcin rana. Cikin tsaransu masu lafiya kuwa, kusan mutum 5 ne cikin 100. Bayan shekara 5, adadin masu ciwon da barci ya dama ya kai mutum 23 cikin 100, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu.

Wannan ya koya mana abu biyu. Na ɗaya, barcin yakan zo tun kafin a fara shan magani, ke nan ciwon da kansa yana kawo shi. Na biyu, yana ƙaruwa da tafiyar shekaru, saboda haka gara a lura da shi tun da wuri.

Wani lokaci ma barcin yana riga karkarwa zuwa. A tsibirin Hawai na ƙasar Amurka an bi diddigin tsofaffi maza sama da 3000. A shekara ta 2005 aka bayyana cewa masu yawan barcin rana a cikinsu sun fi sauran kamuwa da ciwon Parkinson daga baya, wajen ninki uku. Amma kada wannan ya tsorata kowa. Mafi yawan masu gyangyaɗi da rana ba su da ciwon, kuma ba za su yi shi ba. Yunwa, zafi, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ciwon suga duk suna sa barci.

Daga ina barcin yake fitowa?

Saiwoyinsa huɗu ne. Mutum ɗaya yana iya haɗa biyu ko uku.

1. Ciwon kansa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu sassa da aikinsu shi ne su riƙe mutum a farke da rana, su bar shi ya yi barci da dare. Kamar masu gadi suke, kowa da lokacin aikinsa. Ciwon Parkinson bai tsaya ga ƙwayoyin motsi kaɗai ba, yana taɓa masu gadin nan su ma. A shekara ta 2007 masu bincike sun duba ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da ciwon, suka tarar ƙwayoyin da suke yin wani sinadarin farkawa mai suna oreksin sun ragu. In masu gadi suka yi ƙaranci, barci sai ya shigo ko da rana tsaka.

2. Daren da bai yi daɗi ba. Mai wannan ciwo yakan sha wahala da dare, mutanen gida ba su sani ba. Jiki ya ƙage, juyawa bisa shimfiɗa ta yi wuya. Fitsari ya tashe shi sau uku ko huɗu. Ƙafafu su riƙa damunsa, sai ya motsa su yake jin sauƙi. Wani yana mafarki yana ihu, yana kai naushi da harbi da ƙafa. Wani yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana tsayawa yana komowa. Duk wanda dare ya ci bashin barcinsa, rana ce za ta biya.

3. Magani. Babban maganin ciwon shi ne lebodofa, wanda aka fara aiki da shi sosai tun wajen 1967. A kantin magani ana samun sa da sunaye kamar Modopar ko Sinemet. Shi ma yana iya sa barci, musamman in an ƙara yawansa. Amma akwai wani rukunin magunguna da suke kwaikwayon aikin dofamin, kamar Sifrol da Requip da Trivastal. Waɗannan sun fi sa barci. A shekara ta 1999 likitoci a Amurka sun ba da labarin mutum 8 masu shan irin wannan rukuni da barci ya sace su suna tuƙin mota, har suka yi hatsari. Tun daga lokacin ake gargaɗin masu shan su. Barcin yakan bayyana cikin makonnin farko na fara magani, ko bayan an ƙara shi.

4. Baƙin ciki da wasu cututtuka. Mutumin da aka gaya masa yana da ciwon da ba ya warkewa yakan karaya. Ciwon kansa ma yana kawo baƙin ciki. Sai ya daina fita, ya daina hira, ya wuni cikin ɗaki mai duhu. Zaman kaɗaici abokin barci ne. Ban da haka, yana iya zama da ƙarancin jini ko ciwon suga, ko yana shan maganin mura ko na ƙaiƙayi mai sa barci.

Yaya za mu auna shi a gida?

A shekara ta 1991 wani likita a birnin Melbon na ƙasar Ostiraliya, mai suna Murray Johns, ya tsara ƴan tambayoyi 8 don auna barcin rana. Har yau likitoci suna aiki da su. Ana tambayar mutum ko barci yana ɗaukarsa a waɗannan lokuta:

1. yana zaune yana karatu;
2. yana kallon talabijin;
3. yana zaune shiru cikin taron jama'a;
4. an ɗauke shi a mota, an yi tafiyar awa ɗaya ba tsayawa;
5. ya kishingiɗa da rana don ya huta;
6. yana zaune yana magana da wani;
7. yana zaune shiru bayan abincin rana;
8. yana cikin mota, ta tsaya ƴan mintoci a kan hanya.

Kowace tambaya tana da amsa huɗu. In barci ba ya ɗaukarsa ko kaɗan, a rubuta 0. In da wuya ya ɗauke shi, a rubuta 1. In yakan ɗauke shi, a rubuta 2. In kusan kullum ne, a rubuta 3. Sai a tara lambobin duka. Mafi yawan abin da za a samu shi ne 24. In jimla ta wuce 10, barcin ya yi yawa, ya kamata likita ya sani. Wanda ba shi da talabijin yana iya tuna lokacin da yake sauraren rediyo.

Kada a tambayi marar lafiya shi kaɗai. Mai gyangyaɗi yakan ce: "Ni idona biyu, ina jin ku." A tambayi matarsa, ko mijinta, ko ɗan da yake zama kusa.

Yana da kyau kuma a sami ɗan littafin rubutu. Mako biyu kafin a koma wajen likita, kowace rana a rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ya sha magani, ƙarfe nawa barci ya kama shi, mene ne yake yi a lokacin, sau nawa ya farka da dare. Likitan da yake ganin mutum minti goma ba zai iya sanin wannan ba sai an kawo masa a rubuce.

Ina hatsari yake?

Barci bisa tabarma ba ya kashe kowa. Wurin da barcin ya tarar da mutum shi ne abin tsoro. Ga wuraren da za mu kiyaye:

Hanya. Wanda barci yake ɗauka ba sallama kada ya tuƙa mota ko moto, kada ya yi kabu-kabu, kada ya kora amalanke shi kaɗai, har sai likita ya ce ba kome. Ran kasuwa a haɗa shi da yaro mai hankali ya riƙe linzami. In an goya shi a moto, a tabbata yana farke.

Rijiya da ruwa. Kada ya ja guga shi kaɗai a rijiyar da ba ta da katanga. Kada ya zauna a bakinta. Haka kuma bakin tabki da gulbi, da rijiyoyin garka lokacin noman rani.

Wuta. Macen da take da wannan ciwo kada a bar ta ita kaɗai gaban murhu ko kaskon suya, balle da goyo a bayanta. Da sanyi kada a bar garwashi kusa da shimfiɗar marar lafiya. Mai shan taba kada ya kunna ta a kwance.

Bisa da injin. Kada ya hau itace don sassabe ko yankan ganyen dabbobi, kada ya hau rumbu ko soro. Kada ya tsaya shi kaɗai kan injin niƙa.

Abinci. Kada a ba mutum abinci ko magani yana cikin gyangyaɗi, don kada ya shaƙe. A tashe shi sosai, ya zauna daidai tukuna.

Akwai kuma barcin da ba a jira da shi. In mutum ya yi nauyin barci farat ɗaya har ana tashinsa da ƙyar, ko da zazzaɓi mai zafi, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya rikice bai gane mutane, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, a kai shi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne. Wannan alamar wata cuta ce mai gaggawa.

Mene ne likita zai iya yi?

Da yawa daga cikinmu in mun je wajen likita karkarwa kawai muke faɗi, domin ita ake gani. Muna jin kunyar cewa maigida yana barci cikin mutane. To, likita ba ya duba abin da ba a gaya masa ba. Mai ɓoye ciwonsa, ciwo ba zai ɓoye shi ba.

A tafi da littafin nan, da takardar magani, da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya. Likita yana iya rage yawan magani, ko ya sake lokacin shansa, ko ya musanya shi da wani. Yana iya ba da wanda zai sassauta jiki da dare don barci ya yi daɗi. Yana iya auna jini ya ga ko akwai ƙarancinsa ko suga. Yana iya maganin baƙin ciki. In birni ya yi nisa, a fara da majo na gidan likita mafi kusa, shi zai rubuta takardar turawa gaba.

Babban gargaɗi: kada a tsai da maganin Parkinson farat ɗaya don an ga yana sa barci. Yin haka yana iya sa jiki ya ƙage gaba ɗaya, da zazzaɓi mai tsanani da ruɗewa, har rai ya shiga hatsari. Ragewa aikin likita ne, kuma a hankali ake yin ta. Saboda haka a sayi wani tun na hannu bai ƙare ba. Mai niyyar azumi kuma ya shawarci likita tun watan bai kama ba, domin maganin sau da yawa ake shansa a wuni.

Mene ne iyali za su iya yi?

1. A tsai da lokacin kwanciya da na tashi, kullum iri ɗaya.

2. Da safe ya fito waje ya sha hantsi, ko da rabin awa. Hasken safe yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa gari ya waye. Wannan magani ne da Allah ya ba mu kyauta a ƙasarmu.

3. Ya riƙa tafiya a ƙasa kowace rana, da safe ko da marece in rana ta yi sanyi, tare da wani. Motsa jiki yana rage ƙagewa, yana gyara barcin dare.

4. Ƙailula ta zama gajera, minti 20 zuwa 30 bayan azahar, sannan a tashe shi. Kada ya kwanta bayan la'asar.

5. Abincin rana kada ya yi nauyi ƙwarai. Gara kaɗan-kaɗan sau da yawa. Nama da nono da wake suna iya rage shigar lebodofa cikin jiki in an haɗa su lokaci ɗaya, shi ya sa likitoci sukan ce a sha shi kamar rabin awa kafin cin abinci.

6. Shayi da kafe da goro suna ɗan taimakawa da safe. Daga la'asar a bar su, domin suna hana barcin dare.

7. Ya sha ruwa isasshe da rana, ya rage in dare ya yi. A aje masa abin fitsari da fitila kusa da shimfiɗa. Ya kwana cikin gidan sauro.

8. In zai tashi daga kwance, ya fara zama tukuna, sannan ya miƙe a hankali, domin ciwon da maganinsa suna sa jiri.

9. A ba shi aikin da ba hatsari: ɓarar gujjiya, tufkar igiya, zaɓen iri, ba dabbobi abinci, lura da awon hatsi. A zauna da shi a yi hira, a yi dara, a nemi shawararsa kan gona da aure da rabon abinci kamar dā.

Abin da za mu guje wa

Kada a sayi ƙwayoyin ƙarin ƙarfi wajen masu tallar magani a kasuwa, irin su tramol, wai don a kore barci. Suna iya kawo farfaɗiya da ruɗewa, kuma suna kama mutum ya kasa bari. Kada a ba shi ƙwayar sa barci da dare ba da izinin likita ba, domin nauyinta yana kaiwa har rana, yana kuma sa faɗuwa. Giya tana ƙara barcin. Kada a sayar da dabba ko gona a kai wa mai cewa zai cire sammu ko ya warkar da ciwon cikin kwana bakwai. Kuɗin nan gara a aje su don magani da kuɗin mota zuwa wajen likita.

Kada kuma a yi masa dariya, kada a bar yara su riƙa kwaikwayonsa. Mutumin da aka kunyata cikin jama'a yakan shige ɗaki ya ƙi fita, barcin kuwa sai ya ƙaru.

Mu koma ga magidancin nan na misali. In iyalinsa suka rubuta lokutan barcinsa, mai yiwuwa su ga kullum awa ɗaya bayan shan magani yake zuwa, ko su gane cewa da dare sau biyar yake farkawa. Da wannan bayani likita zai san inda zai gyara. Kafin nan, jikansa ya riƙe linzamin jaki, shi kuwa ya zauna kusa da shi, ya je kasuwa ya yi cinikinsa da bakinsa. Gonarsa tana nan, girmansa yana nan.

Ƴan uwa, wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa. In akwai mai karkarwa a gidanku ko a unguwarku, ku tambayi iyalinsa yadda yake kwana da yadda yake wuni. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri, amin.